Fitilun Lambun 'Yan Mazan Jiya

Har gobe ba zan manta da ranar da Inna Dije ta shigo ofishinmu a Dutse ba. Farkon shekarun ƙaddamar da shari'ar Musulunci ne, ina mataimakin injiniyan lantarki. An gyara wani tsohon fili a gefen Yalwawa, aka share ƙarƙashin darbejiyoyin da ke ciki, aka gina bango mai ɗauke da sunayen sojojin yankinmu da suka rasu a bakin aiki. Ni aka ba tsara fitilun wurin.

A ƙa'idar aikinmu, injiniya ne ke zana inda kowace fitila za ta tsaya, amma sai kwamiti ya amince kafin a haƙa ko rami ɗaya. Na zana gajerun fitilu a bakin hanyoyi, da wasu ƙanana a gindin bangon don a iya karanta sunayen bayan magariba.

Shugaban kwamitin, Alhaji Sabo, ya daɗe yana nazarin zanen a juye kafin ya lura ya gyara shi.

"Injiniya, waɗannan ai aci-balbal ne," in ji shi. "So kake samari da 'yan mata su samu lungun laɓewa? Dogayen turaku nake so, irin na filin ƙwallo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai gidaje a bayan katangar, hasken zai faɗa musu ciki."

Ya ce, "Tarbiyya muke karewa, kai kana ta katanga."

Sauran 'yan kwamitin suka hau gyaɗa kai, har da wanda ke gyangyaɗi tun farkon zaman. Aka kafa turakun. An yi bikin buɗewa da rana tsaka, aka kunna fitilun, manya suka yi ta tafa wa hasken da ba wanda ya gani.

Cikin zafin bazara sai ga Inna Dije. Dattijuwa ce, sunan mijinta na kan bangon, gidanta kuma na manne da katangar lambun, tana zaune da matan 'ya'yanta. Ta tarar da Alhaji Sabo a ofis, ta gaishe shi, ta ƙi kujerar da na miƙa mata.

Ta ce, "Alhaji, zafi ya hana mu kwana a ɗaki, fitilarku ta hana mu kwana a tsakar gida. Banɗakinmu ba rufi, duk wanda ya hau dutsen bayanmu yana hango surukaina tar. Na je ganin sunan maigidana bayan sallar magariba, inuwar bishiya ta rufe bangon, sai da na lalube shi da hannu."

Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Inna, in ba ku da abin ɓoyewa, ina ruwanku da haske?"

"To a kai ɗaya gidanka mana, Alhaji," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Ya ce za a duba. Dubawar ita ce kafa ƙaramin kwamiti, wanda ya ba maƙwabta shawarar su ƙara wa katangunsu tsawo. Na roƙi izinin karkatar da kawunan fitilun kawai, aikin yini ɗaya, aka ce ba a taɓa tsarin da aka riga aka amince da shi. Inna Dije ta kwashe surukanta ta koma wurin ɗanta a Ringim, kuma ba ta sake dawowa gidan ba. Da damina ta sauka, ƙwari suka mamaye lambun har mutane suka daina shiga. Fitilun suka riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ko tambaya.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za ku haɗu da irin Alhaji Sabo da yawa, mutanen da ba sa tsayawa ƙarƙashin fitila sai ranar ɗaukar hoto. Kafin ku kafa turke, ku zagaya bayan katanga, ku yi sallama, ku tambayi masu kwana a can. A ɗakin taro ba mai tunawa da su.