Wutar Birki da Idon Baba

Ina da saurin fushi, maƙwabtana a unguwar Romi duk sun sani. Ranar da wata bas ta daki bayan motata kusa da garejin motocin haya na unguwar Television, tun kafin in rufe ƙofa na fara masifa. Direban tsoho ne mai furfura.

"Madam, wallahi wutar birkinki ba ta kama ba," in ji shi.

"Haba Baba, ka ji tsoron Allah! Idonka ne ya mutu!"

Mutane suka taru. Wani ya ce in shiga in taka birki a gani. Na taka, jar wuta ta kama tar. Shi ke nan aka yi wa tsoho ca. Babban ɗansa ya iso, ya ba ni haƙuri, sannan a gabana ya karɓe makullin bas daga hannun uban.

"Baba, tuƙi ya ƙare. Mun daɗe muna faɗa maka."

Na koma gida ina jin na yi daidai.

Bayan sati uku ina neman takardun mota a aljihun gaban motar, sai na zaro wata tsohuwar wasiƙa da ta maƙale can ciki. Motar tokumbo ce, wato ta hannu daga waje. Kamfanin da ya ƙera ta ne ya rubuto wa mai ita na farko a ƙasar waje, wai ya mayar da ita a canza wani ɗan makunni da ke ƙarƙashin birki, don wani lokaci wutar takan ƙi kamawa. Mutumin bai kai ba. Ya sayar, aka loda ta a jirgin ruwa, ta zo min da ciwonta.

Kunya ta kama ni, abinci ma ya ƙi shiga. Da zan kai wa mai wayarin ya gyara shiru, ba wanda zai sani. Amma in aka gyara, da me Baba zai wanke kansa?

Ranar Asabar na kama hanyar unguwar Nasarawa, wajen Baba, duk inda zan tsaya sai in fito da hannu ta taga ina kaɗawa kamar mai korar kaji. Na san gidan, ɗan ya nuna min ranar da muka kai motar gyaran bodi. Na tarar da Baba zaune a benci a ƙofar gida, ya rame.

Ɗan ya karanta wasiƙar ya miƙo min. "Madam, wannan takarda ce kawai. Mu da idonmu muka ga wutar."

"To, ku tsaya a baya, kai da Baba."

Na tayar da mota na taka. "Ta kama," in ji ɗan. Na sake. "Ta kama." Na uku, na huɗu, duk ta kama. Ban taɓa roƙon Allah mota ta ba ni kunya ba sai ran nan. Na shida ɗan ya ce, "Madam, ya isa haka."

"Bai isa ba! Ka tsaya nan!"

Na bakwai. Na takwas, ƙafata na kan birki har ƙasa, sai na ji shiru. Can muryar Baba ta fito a hankali.

"Ba ta kama ba."

Ta madubi na ga ɗan ya sunkuya yana leƙen fitilar. Ya daɗe a haka. Ya miƙe, ya shiga gida, ya fito da makullin bas ya riƙe da hannu biyu a gaban uban.

Na fito na durƙusa. "Baba, ka yafe min."

Bai dube ni ba, makullin yake kallo.

"Sati uku ke nan, Madam, kullum sai na rufe ido ɗaya in gwada ɗayan a jikin kalandar ɗakina. Ni kaina na fara yarda da ke."