Sawun Yatsun Baba

Bayan rasuwar mahaifina na koma bakin aikina a birnin Lusail, can ƙasar Larabawa. In je, in duba ginin da aka ce in duba, in koma ɗakina a unguwar Bin Mahmud. Ko gishirin abinci ba na ji.

Ofishinmu ɗaya da wani dattijon Bature, injiniya, mai surutu kamar rediyo. Zancensa kullum ɗaya ne, wato tsohon cocin ƙauyensu. Na sha kallon hotunansa har na haddace: bango mai kauri na dutse, tagogi 'yan mitsi-mitsi, ƙofa mai bakan gizo. Ya ce ginin ya daɗe da tsufa kafin a haifi kakannin kakanninsa. Ni dai kai nake gyaɗawa, don ba ni da ƙarfin cewa ya isa.

Wata rana ya buɗo hoton wani dutse, ya nuna mini 'yar alama da aka sassaƙa a jikinsa. Ya ce kowane magini yana da tasa, sunayensu sun ɓace amma alamun suna nan. Sai ya shiga faɗa, wai an taɓa shafe gefe guda na cocin da siminti da sunan gyara, danshi ya rasa hanyar fita, dutsen ya riƙa ruɓewa ta ciki. Tun daga nan yake ƙarar da hutunsa a can, yana liƙe tsagu da farar ƙasa.

Hankalina ya koma gida. Masallacin unguwarmu na tuna, na ƙasa, wanda ake yi wa yaɓe da gayya kafin damina. Baba ke yin bangon gabas, ba ya yarda kowa ya taɓa masa. Ba ya amfani da cokalin gini, da tafin hannu yake lailayewa, sawun yatsunsa a jere daga sama har ƙasa. Da na je ta'aziyya na yi salla a wurin, ban ko ɗaga kai na duba ba.

Da muka tashi daga aiki na kira ƙanena, na ce ya ɗauko mini hoton bangon nan. Ya yi dariya, ya ce na riga su, da ma so suke su ba ni mamaki.

"Yaya, mun gyara shi saboda Baba. Siminti muka sa ciki da waje, har da fenti. Yanzu sai ka ce irin na wajenku."

Hoton ya shigo. Bango sumul, fari fat. Na yi ta faɗaɗa shi da yatsa, lungu-lungu, ban ga komai ba. Na jira in ji haushi ko kuka, babu wanda ya zo.

Na rubuta masa cewa ya yi kyau, Allah ya saka. Washegari dattijon ya sake buɗo dutsensa, na matso da kujera na ce ya ƙara nuna mini alamar.