Tuwon da Na Mayar

Ni ban yi boko ba, allo ma ban wuce ƙananan surori ba, amma a layinmu ba a yin suna ko biki sai an tambaye ni yadda za a jera abinci. Na san abin da ake sa wa baƙo a gaba, na san abin da ake bari a kicin. Da wannan sanin nake taƙama, kuma shi ya kai ni ga abin da zan faɗa.

Akwai wata mata 'yar Damagaram da muka zauna gida ɗaya a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki, kafin a rushe shi a gina otal. Ni ina sama, ita tana ɗakin ƙarƙashin bene. Ba ta da iƙama, wato takardar zama. Hatsin tattabaru take sayar wa alhazai, lokacin hajji kuma ta tafi Arfa shara. Yaya take ce mini. In na yi zazzaɓi ita ke dama mini kunu, tana tsokanata wai ko a kwance sai na ba da umarni. Da muka koma unguwar Rusaifa ta sami ɗaki can saman dutse, amma ba ta taɓa yin mako ba ta leƙo ni ba.

Ranar da maigidana ya rasu aka fara zaman makoki na kwana uku. Dangin mijin 'yata haifaffun nan ne, Hausarsu ba ta wuce sannu ba. Suka aiko da manyan farantai na shinkafa da rago, har sai mutum biyu sun kama. A rana ta biyu bayan azahar, falo cike da matansu ana zuba gahwa, sai ga 'yar Damagaram ɗin ta shigo, gumi har wuya, da bokitin fenti wankakke ɗaure a tsohon ɗankwali. Ta durƙusa ta buɗe. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Ƙamshin daddawa ya cika falon.

"Yaya, na san shinkafar nan ba za ta shige ki ba. Ki sa wannan a cikinki ko loma biyu."

Gaskiya ta faɗa, rabona da abinci tun ranar rasuwar. Amma na ga wata daga cikin surukan ta ja mayafi ta rufe hanci, wata ta raɗa wa 'yar'uwarta magana. Sai na ce a kai bokitin kicin.

A al'adarmu ba a mayar da kwano wayam. Da ta tashi tafiya na sa aka kwaso shinkafar da ta rage da ƙashin rago aka tula a kan tuwonta, wanda ko yatsa ba a sa masa ba, aka miƙa mata a bakin ƙofa. Na ce da Larabci, don surukan su ji: "Miskina ce, ta fi mu bukata."

Larabcin kasuwa ta fi ni iyawa. Ta dube ni, ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Allah ya saka, Hajiya." Ba ta taɓa ce mini Hajiya ba sai ranar.

Na shiga takaba, ba ta zo ba. Na ce wa kaina rana ce ta yi zafi.

A ɗakinmu na ƙasa akwai wata 'yar Sakkwato da ke haya da mijinta, dukansu ɗalibai, ita tana karatun addinai. Takan hawo ta taya ni zama. Wata rana ina ba ta labarin makokin, ina lissafa farantan da aka kawo, har na sa maganar bokitin fenti ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

"Inna, a karatunmu na ga wani abu na Yahudawa. A da masu kuɗinsu kan kai abinci gidan makoki a kwandunan azurfa da zinariya, talakawa su kai a na saƙa, suna jin kunya. Sai malamansu suka hukunta kowa ya kai a kwandon saƙa, don mutuncin talaka."

"Yanzu Yahudawa za ki kawo mini, a garin nan?"

"Namu addinin ma ai ya hana gori a sadaka, Inna."

"Wane gori? Nama na ba ta."

"Ba karɓa ta zo yi ba, kawowa ta zo yi."

Na ce ta sauka ta duba girkinta kada ya ƙone. Amma maganar ta zauna mini. Baiwar Allah ta sayi dawa da kuɗin hatsin tattabaru, ta tuƙa, ta sauko dutse da rana tsaka, domin ita ma a ce ta kawo wa Yayarta wani abu ranar baƙin ciki. Ni kuma na mayar da ita mai bara a gaban baƙi.

Da na fita takaba na hau dutsen nan, gwiwoyina suna ƙara. Da hankali gare ni da hannu wayam zan je, in ce ki yafe mini, ki sake tuƙa mini tuwon. Sai na riƙo sabuwar abaya a leda. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, muka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a mota. Na tura mata ledar. Ta tura mini ita a hankali.

"Tawa ba ta yage ba tukuna, Hajiya."

Raina ya ɓaci. Ni za a mayar wa kyauta? Na tashi na sauko, maganar da ta kai ni tana nan a bakina.

Hajjin shekarar ta tafi Arfa aiki, aka kama su babu takarda, aka mayar da su gida. Na daɗe ina neman lamba kafin wata 'yar garinsu ta samo mini ta ƙanin ita 'yar Damagaram ɗin. Na kira. Ya ce tana nan da rai, sai dai ta yi nisa da shi, tana wani ƙauye, amma zai je ranar kasuwa. Ya ce wane saƙo zai kai mata?

Mutumin ban san shi ba, ga 'yata zaune kusa da ni tana ji. Na ce masa gaisuwa ce kawai. Bayan wata biyu na sake kira, layin ya daina shiga.