Ummuhani Jibril da Riɗin Shekarar Gudu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, bakwai ga Rajab 1430, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Yaya Ummuhani Jibril a gidanta da ke Gadarif ta ƙasar Sudan, bayan gajeriyar jinya.

Yaya, mutane sun san ki da gudun mita ɗari da kofunan da kika kawo daga Madani da Hartum. Kafin ke, ba mu taɓa jin 'yar unguwarmu ta shiga filin tsere ba. Ni abin da na gani da idona zan faɗa.

Ina yarinya 'yar allo aka zaɓe ki zuwa gasar makarantu a Madani, ranar kuwa ta faɗo daidai yankan riɗi. Wanda ya yi noma a nan ya sani, in riɗi ya yi ja aka yi jinkiri, sai ya fashe ya zube ƙasa. Mahaifinki Malam Jibril bai ce gudu haramun ba ne, tunda da dogon wando da ɗankwali kike yi. Cewa ya yi: "Ba wanda zai bar gona riɗi na tsaye." Gaskiyarsa ce, abincin shekara ne. Kika ɗauki lauje.

Da safe mahaifiyata Inna Ma'u ta tara matan layinmu suka shigo gonar. Ta ce: "Malam, hannu biyu ka rasa, ga su nan sun fi goma. Sallami 'yar nan, lori zai tashi." Ya ce: "Ma'u, ke da ko akuya ba ki iya kamawa, me kika sani a gudu?" Ta ce: "Shi ya sa nake so a yi mini." Ya yi dariya, ya karɓi laujen hannunki. Kika je kika zo ta ɗaya, riɗi kuma ya shiga buhu lafiya.

Tun daga nan, kowace kaka sai kin zo yanka a gonakin matan nan, har wadda ta koma garin Hawata. Da kika zama malama kina koya wa 'yan mata gudu, da su kike zuwa. Bara gwiwa ta hana ki sunkuyo, kika zauna kina ɗaure dami a gonarmu, Inna kuwa ta daɗe da rasuwa. Na ce ki huta, na kawo miki jabana, gahawarmu ta nan. Kika sha kika ce: "Alhamdu lillahi, na yi guduna, an kuma yi mini. Miƙo igiya."

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Harisu, da 'ya'yanki Asiya da Mahmudu, da ɗalibanki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa ki ƙetare siraɗi kamar walƙiya. Ya haɗa ki da Inna da sauran matan nan a Aljanna. Amin.