Ƙotar Bindigar Habibu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Habibu, amma har yau katakonsa yana jingine a bayan ƙofata a unguwar Taman Melati.

Tare muka zo Kuala Lumpur koyarwa. Shi jikan maharba ne, sai Allah Ya jefo shi ƙasar da ko harsashi ɗaya aka kama ka da shi, ka shiga uku. Wannan bai hana shi haɗa bindigar farautarsa da fatar baki ba. Da mun zauna shan shayi a mamak, wato shagon abinci na bakin titi, zai fara: bututu kada ya cika tsawo saboda sarƙaƙiyar daji, kunama mai tauri ita ke sa maharbi kuskure. Ni da ko kaza ban iya yankawa ba, haka nake zama ina gyaɗa kai.

Ƙarfen duka a gida ya ce zai nema, da lasisinsa. Katakon ƙota kaɗai ya zaɓa a nan. Ya gama zagaye shagunan katako na unguwar Cheras yana ƙwanƙwasawa yana sansanawa, har masu kanti suka gaji da shi. Da ya samu kuma ya ƙi bari a sassaƙa, wai sai maƙerin garinsu ya auna shi daga gwiwar hannu zuwa ɗan yatsa, don ƙota kamar takalmi take, ba a ɗinka ta da ƙafar wani. Ciwon zuciya ya riga maƙerin.

Da zai ga yadda yau ake zaɓen komai a waya ba tare da an taɓa ba, na san tsaki zai ja. Ina kewar wannan tsakin ƙwarai.

Bana aikina ya ƙare, zan koma gida. Maiɗakina ta ce katakon nauyi ne kawai, tunda hannun da za a auna yana ƙasa. Sai na kira Hafsa, 'yar Habibu tilo, wadda ta dawo nan karatu take zaune a unguwar Sri Petaling, don ta yanke hukunci. Na ɗauka za ta ce a yi mata teburi da shi.

Ta saurari labarin, ta shafa katakon, sannan ta miƙo hannunta.

"Baffa, daga ina zuwa ina ake aunawa?"

Na fara cewa ai farauta ba ta mata ba ce.

"Boleh lah, Baffa, zai yiwu mana. Kai dai auna."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da zare na auna ta.

Littattafan da Habibu ya rubuta suna nan, ƙura na cin su. Abin da ya rage nasa mai rai shi ne taurin kan nan. Zan bar akwati guda na nawa littattafan a Malesiya, amma katakon nan da zaren sai sun isa hannun maƙerin, in Allah Ya yarda.