Wuƙar Fiƙe Alƙalami

Shekaranjiya da hantsi wani mahauci a bayan gidanmu ya zauna yana wasa wuƙarsa a kan dutse. Ina zaure ina jin ƙarar, sai na hango wata mata da ta biyo lungun da 'yarta ta tsaya cak, ta fizgi hannun yarinyar, suka koma da baya. Ba ta ma ga mahaucin ba, ƙarar kawai ta ji. Ni kuwa da wannan ƙarar na tashi. Lokacin da muke yara a nan gindin Goron Dutse, in ka ji ta, to ko dai layya ta matso, ko an yi haihuwa a unguwa ana shirin ragon suna, ko kuma kakana ya idar da lazimin safe zai zauna aiki.

Kakana malami ne, iyayensa daga Barno suka zo suka zauna a cikin birni. Sana'arsa rubuta Alƙur'ani da ka. Yana da wata 'yar wuƙa, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, mariƙinta na ƙaho, kubenta jar fata ce ɗinkin dukawan Kurmi. In damina ta ja baya, wani Bafulatani abokinsa yakan kawo masa damin gamba daga wajen Ƙofar Dawanau, a shanya a kan soro har ta bushe. Da safe sai ya zaɓi sili ɗaya, ya fere gefe da gefe, ya tsaga bakin kaɗan, ya ɗora a kan farcen babban yatsansa ya datse tsinin. Har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin ɗakin nan: tawada, ƙaro, tsohuwar takarda, da ɗanyen ƙanshin gamba da aka fere yanzu.

Ba alƙalami kaɗai take yi ba. Da ita yake fere mana rake, da ita yake yanke farce ranar Juma'a, da ita yake kankare harafi in hannu ya zame. Da aka haifi ƙanwata, kakata ta leƙo zaure ta ce ya ara mata, za ta sa a ƙarƙashin matashin jaririya kamar yadda aka saba.

Ya ce, "Aljanun naku ba sa tsoron wuƙar girki ne?"

Ta ce, "Taka ta sha tawada, Malam. Sun fi jin nauyinta."

Ya yi ta mita, amma ya bayar. Har aka gama jego ƙanwata tana kwana da wuƙa a ƙarƙashin kai, babu wanda ya ga wani abu a ciki sai kariya.

A gidanmu akwai al'ada. Ranar da babban ɗa ya sauke Alƙur'ani, ana ba shi wuƙar nan, kuma abin da zai fara yanka da ita alƙalami ne, ya rubuta bisimilla a gaban mutane. Kakana ya ba babana, amma ta ci gaba da zama a ɗakin aikin tsohon, sannan babana ya ba ni, kakan yana zaune yana kallo. Da babana ya miƙo mini, sai na ga shi ya riƙe wajen kaifin, ni ya bar mini mariƙin. Kakana ya ce, "Ka gani ko? In za ka miƙa wa mutum, kai za ka riƙe kaifin. In akwai wanda zai yanke, ya zama kai ne." Ba a taɓa yi mini wani bayani a kan wuƙa ba bayan wannan.

Ban zama marubucin Alƙur'ani ba. Fataucin fata ya ɗauke ni, na yi yawo iyakar ƙarfina, na tsinci Larabci da Faransanci a kan Barbarcin gida. A Agadas na zauna da Buzaye, kowa da takobinsa a gefe ana shan shayi. A Sudan na ga dattawa da wuƙa ɗaure a damtse suna ciniki a kasuwa. A Yaman kuwa mutum yakan soke lanƙwasasshiyar wuƙa a gaban cikinsa kamar yadda mu muke sa hula. Ban ga wanda ya canza hanya don su ba. Sai a wani gari na bakin teku a ƙasar Faransa, wani abokin ciniki ya ja ni sinima. Aka nuno hannu ya ɗaga wuƙa sama, tsininta na kallon ƙasa, ana kaɗa wani kiɗa mai tsinka zuciya. Ɗakin duka ya ja numfashi. Ni dariya ta kama ni. Na ce a raina, wane ne ke riƙe wuƙa haka? Ko mangwaro ba ka fere ba da wannan riƙon. Na ɗauka tsoron nan nasu ne, ba zai ƙetaro hamada ba.

Kada ka ce na ɗora wa fim laifin komai. Daba ta girmi fim a garin nan, kuma na tsaya a sahun jana'izar yaran da aka sara. Amma a da, yaro kan ga wuƙa a hannun mahauci, da baduku, da mai rake, da uwarsa a madafa, da malaminsa, kafin ya taɓa ganinta a hannun ɗan daba. Yanzu nama a yanke ake kawo shi cikin leda, rake ma a fere, alƙalami kuwa biro ne. Inda ya rage yaro ya ga an zare wuƙa daga kube shi ne fuskar waya. A can kuwa, fim ɗin Indiya ne, na Turawa ne, ko namu na gida, ban taɓa ganin an zare ta an mayar da ita kube ba tare da ta shiga jikin mutum ba.

Da saukar jikana ta matso, babban ɗan babban ɗana, na ɗauki wuƙar na nufi Kurmi a yi mata sabon kube. Ubansa bai taɓa karɓarta ba, boko ya ɗauke shi tun kafin ya sauke, don haka ta daɗe a hannuna tana jira. Na sami jikan badukun da ya yi na farko. Ina fito da ita ya waiga hagu da dama.

"Baba, sa ta ƙarƙashin buzu mana. Ka san halin da ake ciki."

Na ce, "A Kurmi? A layin da aka haife ta?"

Ya ce, "Ai yanzu masu shirya fim ne masu sayenmu. Su zo su ce a yi musu doguwa, mai ban tsoro, ko ba ta da kaifi. Irin taka kuwa wa zai nema?"

Ranar saukar, bayan an ci an sha, na kira jikan nawa zaure. Yaro ne mai sanyi, ko kaza aka ce ya riƙe a yanka sai ya kau da kai. Abokansa sun cika bakin ƙofa. Na ce, "Zo nan, abokina, ka karɓi gadonka tun ban fasa ba." Na zare ta, na riƙe kaifin, na miƙa masa mariƙin, na faɗa masa abin da kakana ya faɗa mini. Ya karɓa da hannu biyu. Sai kawai na ga ta juya a cikin tafinsa. Ya dunƙule hannu, tsini na kallon ƙasa, ya ɗaga ta daidai kuncinsa, ya tsuke ido. Abokan suka kwashe da dariya, ɗaya ya ɗaga waya.

Na ce, "Kai, wa ya koya maka wannan riƙon?"

Ya ce, "Alhaji, ai haka ake riƙewa."

Da gaskiyarsa ya faɗa. Bai taɓa ganin wani riƙon ba. Na zaunar da shi, na ba shi silin gamba, na kama hannunsa muka fere tare. Alƙalamin ya fito a karkace, amma ya rubuta bisimillarsa, aka shafa fatiha. Na ɗauka magana ta ƙare.

Hoton ne ya riga mu fita. Babu allo a cikinsa, babu alƙalami, babu ni. Yaro ne kawai da wuƙa a kunci, wani ma ya ɗora masa kiɗa. Kafin mako ya zagayo, maƙwabcinmu ya hana ɗansa zuwa gidanmu. Makarantar Islamiyyar da ta ce jikan nawa zai fara biya wa ƙanana karatu ta aiko cewa a ɗan dakata. Wata la'asar shugaban 'yan sintirin unguwa ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa. Mutumin kirki ne, a gabana ya girma. Na ɗauko alƙalamin nan mai karkata na nuna masa, na ba shi labarin tun daga Barno.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Alhaji, wallahi ni na yarda. Amma yaran can na bayan ganuwa sun ga hoton, sun ce unguwarmu ta yi sabon zakara. In rikici ya tashi, hoton za su tuna. Ba wanda zai tsaya ya tambayi alƙalami."

Washegari surukata, uwar yaron, ta zo. Tun da aka kawo ta gidan nan, magana tsakanina da ita ba ta wuce gaisuwa daga bayan labule. Ran nan sai ga ta a bakin zaure, ta durƙusa, ɗanta na bayanta.

"Baba, ka yafe mini. Na san ta kakanni ce. Amma ni ɗana nake so ya dawo gida kullum."

Na buɗe baki zan ce mata wuƙar nan ta kwana ƙarƙashin kan jarirai, zan ba ta labarin Sudan da Yaman. Sai na ga ba ita ce ta yi kuskure ba. A garin da muke ciki yau, ita ce mai gaskiya.

Yaron ya matso, idonsa ya yi ja. Ya ciro wuƙar daga aljihu. Ya juya ta a hankali, ya riƙe wajen kaifin, ya miƙo mini mariƙin. Ashe ya riƙe karatun. Sau ɗaya ya yi aiki da shi, wajen mayar mini da ita.

An tura shi wurin kawunsa a wani gari har ƙura ta lafa, kuma har yau bai dawo da zama ba. Bara aka yi haihuwa a gidan nan. Na zauna a zaure ina sauraren ko wata za ta leƙo ta ce in ara mata. Aka yi suna, aka yi arba'in, ba wadda ta leƙo.

Wuƙar tana ƙasan akwatina, cikin sabon kubenta. Nakan fito da ita wani lokaci in shafa mata mai don kada ta yi tsatsa, amma sai na tura ƙyauren zaure tukuna. Hannuna ma ya fara rawa, ba na iya datse tsinin alƙalami a kan farce. Daga kakana zuwa babana, daga babana zuwa kaina, a nan ta tsaya. A cikin birnin nan wuƙa ta daina zama kayan aiki a idon mutane, ta zama makami kawai, kuma babu wanda za a ƙara miƙa wa ita a gidanmu.