Fiton Thivhulawi

Yayana Thivhulawi abu biyu ya iya a duniya: fito da naushi. Da yamma idan ya danna harshe a bayan haƙoransa na gaba ya saki fito, shanunsa da ke gindin dutse sai su ɗago kai su kamo hanyar gida. Babanmu ya koya masa, kuma ban da yayana babu wanda shanun suke amsa wa.

Naushin kuwa a filin musangwe yake yinsa, damben garinmu na hannu tsirara, can bakin kogi. Dokar ba ta da tsawo: in jininka ya zuba, ko ka faɗi, ko ka ɗaga hannu, an ci ka. Ba a taɓa cin yayana ba, kuma ya fi kowa sanin haka.

A Disambar da nake ba ku labari ya haɗu da Rathogwa, wani ƙaton mahauci daga ƙetaren kogi. Suka yi ta kirɓar juna har ƙura ta rufe su. Can Rathogwa ya kawo masa wani naushi daga ƙasa, na ji ƙas. Yayana ya ja baya, ya tsuke baki. Na ga kumatunsa ya tasa, maƙogwaronsa yana motsi. Haƙorinsa na gaba ya fita, ya ɓoye shi a baki yana haɗiye jinin don kada dattawan da ke alƙalanci su gani.

Na san abin yi, domin 'yata ta taɓa faɗowa daga keke, haƙorinta ya fita, likita ya mayar mata da shi. Na kutsa gaba.

"Yaya, ɗaga hannu! Mu jefa shi a madara mu ruga asibiti, zai kama."

Ya harare ni.

"Ƙanenka na kira, makiyayi," in ji Rathogwa. "Je ka a ba ka nono."

Yayana ya afka masa. Ya sha naushi a muƙamuƙi, ya rama a haƙarƙari, ya ƙara a kunne, har mahaucin ya zube. Sai da aka ɗaga yayana sama ana ihu ya tofar da abin da ke bakinsa. Haƙorin ya farfashe, na kusa da shi ma ya karye har cikin dasashi. Likita ya duba, ya ciro guntun da ya rage. Ranar na ji haushin yayana kamar in shaƙe shi.

Da kumburin ya sauka, ya fita bakin shinge da yamma. Ya danna harshe ya hura, iska kawai ta fito. Ya sake, ya sake. Shanun suna can suna kiwonsu, ko ɗaya bai waiwayo ba.

Yau ya tsufa, yara suna nuna shi a matsayin wanda ba a taɓa kayarwa ba. Kullum yamma da ƙafa yake zuwa gindin dutse, ya koro shanunsa da sanda.